Yinin Da Na Yi A Cikin Wutsiyar Jirgi A Riyad

Mun tashi da asuba, ana sallame sallah muka ɗauki jakunkuna, ni da maigida. Umra muka nufa, amma kafin filin jirgi sai da muka biya ta gidanmu don yi wa Inna sallama. Na same ta a kan darduma, ta riga ta ƙulle kuka da daddawa da yaji a leda uku, na autanmu ne da ke aiki a Riyad. Ashe bayan ƙullin akwai wani aike da ya fi shi nauyi.

Bari in ba ku asalin maganar. Autanmu ya daɗe a can yana aikin kwano a wata masana'anta. Kafilinsa, wato mutumin da iƙamarsa, takardar izinin zamansa, take hannunsa, wani dattijo ne da ya ajiye aiki, ya rasa abin da zai yi da hutunsa, sai ya yi odar jirgin sama a cikin akwatuna, gunduwa-gunduwa, yana haɗawa da hannunsa. Jirgin mutum biyu yake ɗauka. Auta ne ke taya shi a ranakun hutu, kuma dattijon ya yi masa alkawarin cewa in an gama, hukuma ta duba, an gwada shi, zai ɗauke shi su tashi tare. Auta ya gaya wa Inna a waya, ya ce ba zai taka shi ba sai da yardarta. Tun ranar Inna ta rage cin abinci.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki je ki gano mini abin nan da idonki. In kin ce ya hau, ya hau. In kin ce a'a, magana ta ƙare."

To duk wanda ya san ni ya san an ba kura ajiyar da ba za ta iya ba. Ni ce wadda mai tumatir zai kawo wa ruɓaɓɓe in saya don kada ya koma da ɓacin rai. Yanzu ga shi an tsayar da ni tsakanin Inna da Auta, dole in ɓata wa ɗaya.

Allah ya karɓi ibadarmu, mun yi Umra lafiya, wannan kuma abu ne da baki ba ya iya faɗarsa. Daga Makka muka hau babbar bas zuwa Riyad. Hanya ce doguwa, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare, ba rami ko ɗaya, har na fara kewar ramukan hanyar Zariya don su ne ke hana direba gyangyaɗi. Hagu yashi, dama yashi, jefi-jefi ka hango raƙuma a bayan waya suna kallon motoci. Duk inda aka tsaya akwai masallaci da wurin alwala na mata, abin da ya fi komai burge ni ke nan. Shayi a ɗan kofin takarda riyal biyu. Maigida ya mayar da shi naira a wayarsa, ya ce ba ya jin shan shayi. Da aka kawo tiren shinkafar kabsa da rabin kaza kuwa bai tuna da wayar ba.

Auta ya tarbe mu a tasha. Ya ajiye gemu, ya rame kaɗan, Hausarsa kuma ta sha Larabci ta ƙoshi. Komai "yalla", komai "halas", ko jaka ce ta faɗi sai ya ce "ma fi mushkila", wato ba damuwa. Ya sauke mu a Gubaira, tsohuwar unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, gidaje a matse, garejoji da shagunan walda a ƙasa. Da safe ƙamshin gurasar tamis ke tashin mutum, ana ciro ta daga tanderu da faɗinta kamar faifai, a haɗa da waken ful mai man zaitun. Matar wani ɗalibi ɗan Maraɗi ta zo gaishe ni daga unguwar Malaz da 'ya'yanta. Na ce musu sannunku, suka dube ni, suka dubi uwarsu, sai da ta fassara. A daren na kaɗa miyar kuka. Ban san yadda labari ya zaga ba, sai ga abokan aikin Auta, 'yan Sakkwato da 'yan Damagaram, kowa ya ce wucewa yake yi ya ce bari ya gaisa.

Ranar Asabar muka nufi Birnin Masana'antu na Biyu, can kudancin gari. Tireloli ne a jere, da manyan rumbuna masu kama ɗaya, ban san yadda Auta ke gane nasu ba. Dattijon ya tarbe mu da gahawa da dabino, sanye da kayan makanikai amma da ɗankwalinsa na Larabawa a ka. Mutum ne mai fara'a da ƙaton tumbi. Ya ja labulen leda, sai ga abin da ya hana Inna barci.

Ni dai kwalekwale na gani mai sheƙi. Fukafukan suna jingine a gefe, gangar jikin kuma an soke ta da wasu ƙarafa tsaye-tsaye ko'ina, kamar bushiya ta fusata. Na sa yatsa na danna alminiyon ɗin, ya loɓa ya dawo. Wallahi murfin tukunyata ya fi shi kauri. Nan take zuciyata ta ce a'a, amma da na ga yadda Auta ke kallona yana jiran yabo, sai na ce Masha Allah.

Auta ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce jirgin nan ba walda a jikinsa, duk ɗinki ne, da wasu 'yan ƙusoshi masu laushi da suke kira ribit, kowacce ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Ƙarafan bushiyar nan na wucin gadi ne, kamar yadda tela ke kafa fil kafin ya taka. Shi kan ƙusar ba ya tsayawa a waje kamar na hannun tukunya, lafewa yake yi ya yi daidai da fatar jirgin, wai don iska ba ta son tuntuɓe. Kafin a sa ta, sai an huda rami, an kankare kaifin bakinsa, sannan a matse shi da wani abu mai kama da filaya ya yi ɗan gurbi, sak gurbin tandar waina amma na tururuwa. A cikin gurbin kan ƙusar ke zama. Inda ƙarfen ya yi kauri ba a matsewa, ƙwaƙule bakin ramin ake yi. Ya ce in rufe ido in shafa inda suka gama. Na shafa, sumul, farce ma bai kama komai ba.

Sai dai bugun ƙusar aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana waje da bindigar iska yana bugun kan, ɗaya yana ciki ya dafe gindin da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, uwar maƙera ce dai ta hannu. Bugun ne ke sa gindin ya baje ya kama. Kuma a ranar wutsiyar jirgin suke son rufewa, ga shi abokin aikinsu ɗan Filifin, siririn da ke shiga ciki, ya tafi hutu ƙasarsu. Dattijon ya shafa tumbinsa ya girgiza kai. Maigida ya tuɓe babbar riga ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, shi da ya yi shekaru yana shiga ƙarƙashin motarsa. Ya shiga da kai, kafaɗu suka wuce, daga nan tafiya ta tsaya. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Auta ya kama ƙafa ɗaya, dattijo ya kama ɗaya, Auta yana ja yana cewa kabsar hanya ce ta riƙe shi, maigida daga ciki yana rantsuwar in ya fito sai ya karɓe kuɗin gaisuwar da ya ba shi tun lokacin aurenmu. Muryarsa na fitowa kamar daga cikin rijiya. Na yi ta salati ina danne dariya har cikina ya ƙulle.

Da ya fito, sai aka rasa wanda zai shiga. Dattijon ya kawar da kai cikin kunya, Auta kuwa ni yake kallo. Ni ce ƙarama a jiki duk gidanmu. Na dubi maigida, yana haki ya ce in shiga mana, ai Inna cewa ta yi in gani da idona.

Aka shimfiɗa mini katako da filo a ciki don kada gwiwata ta loɓa musu jirgi. Na ɗaure abayata a ƙugu, na kimtsa hijabi, aka ɗora mini abin toshe kunne da 'yar fitila a goshi. Auta ya nuna mini samfuri: gindin ƙusa mai kyau zai baje ya zauna daram a tsakiya, kamar ɗan maɓalli. Ya ba ni wani ɗan ƙarfe mai huda na awo. Sannan ya koya mini yaren aikin, tunda ba a jin magana. In na ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya ƙara bugu. Sau biyu, ta yi kyau, a wuce. Sau uku, ta lalace, sai an cire. Na yi bismillah na rarrafa.

Jama'a, in kuna son sanin yadda abin yake, ku ɗauka an sa ku a cikin ganga ranar biki. Bugun farko sai da haƙorana suka gaisa da juna. Dunƙulen ƙarfen ya yi rawa a hannuna ya zame. Na haska, na ga gindin ƙusar ya kwanta gefe ɗaya kamar hular ɗan gaye. Na san ba haka samfurin yake ba. Na ɗaga hannu zan buga uku, sai na jiyo Auta ta jikin kwanon yana cewa Masha Allah, Yaya ta iya, da wata murya irin wadda rabona da ji tun yana ƙarami. Yaron nan yana tsaye cikin zafi, yana ƙasar mutane, yayarsa ta zo daga Kano, sai kuma abin da zai fara ji daga gare ni shi ne aikinsa ya lalace? Na buga biyu.

Ta biyu ta fi ta farko karkacewa. Na buga biyu. Daga nan hannuna ya saba. Wasu sun zauna daidai, ba zan ƙi faɗa ba, amma yawancinsu kowacce da inda ta sa gaba. Na riƙa gaya wa kaina ai ciki ne, wa zai gani, kuma kara ai halin mutanen kirki ce. Daga waje kuwa sai yabo nake ji. Dattijo na shafa layin yana cewa kamar gilashi, maigida na sanar da shi cewa matarsa ce, kamar akwai mai musu.

Aka kira azahar, na fito jiƙe sharkaf. Muka yi sallah, aka kawo shinkafa bukhari da gasasshiyar kaza. Ina cikin ci na ga dattijon ya ɗauko wani ɗan madubi mai doguwar sanda da tocila, ya zura ta wata kafa a wutsiyar. Na ajiye lomar da na ɗebo. Ya daɗe yana kallo. Ya faɗi wata magana da Larabci, Auta ya ƙi fassarawa sai da maigida ya matsa: wai cewa ya yi ƙusoshin nan kowacce da alƙiblarta.

Auta ya karɓi madubin ya duba da kansa, ya juyo.

"Yaya, ba ki ga sun karkace ba?"

"Na gani."

"To me ya sa kike buga biyu?"

"Na ji kana murna."

Ya zauna a kan bokitin fenti ya yi dariya har da hawaye, ya fassara wa dattijo, shi ma tumbinsa ya kama rawa. Sai da ya share ido sannan ya ce, a hankali, "Yaya, ni daga waje ba na ganin komai. Ke ce idona. In kika yi mini kara a nan, a sama za a biya ta."

Maganar ta shige ni. Duk da haka na ce ko za a bar su, tunda sun kama kuma ba mai gani. Dattijon ya ce, ta bakin Auta, girgiza ba ta buƙatar ido, ita ke nemo ƙusar da ba ta zauna ba, ta yi ta sassauta ta shekara da shekaru. Haka suka ɗauko na'urar huda. Cirewar ta fi sawa wuya nesa ba kusa ba. Sai an huda tsakiyar kan ƙusar daidai, iya kan kawai, a sa wani tsinken ƙarfe a ɓalle shi, sannan a tura sauran ciki. In hannu ya goce ramin ya faɗaɗa, sai an nemo ƙusa mai ɗan kauri. Ɗaya ta yi musu haka. Suka cinye yammacin nan kaf suna warware aikin da na yi, ba wanda ya ɗaga mini murya, abin da ya fi faɗa ciwo. Ni kuwa ina gefe ina tsince kawunan ƙusa a ƙasa don in samu abin yi.

Akwai abin da na lura da shi ina tsintar. Auta ya zagaye wasu ƙusoshi biyu da alƙalami a wani layi da suka yi tun kafin zuwanmu. Dattijo bai gan su ba, Auta ne ya kira shi ya nuna masa, ya ce nasa kuskuren ne, bindiga ta zame masa. Suka cire su. Na ajiye wannan a raina.

Washegari da yamma, bayan Auta ya tashi daga aiki, na ce a mayar da ni. Wannan karon sai da aka sa ni gwaji a kan yankin kwanon da ba a so. Ashe ba ƙarfi ake sawa ba. Daidaita fuskar dunƙulen ake yi da gindin ƙusar, a dafe da sauƙi, a bar nauyinsa ya yi aikin, kusan kamar riƙon taɓarya, in ka ƙanƙame ta kai za ka gaji, hatsin kuma bai daku ba. Na koma ciki. Ta farko ta zauna, ta biyu ta nemi ƙari, na buga ɗaya. Can sai ga wata ta kwanta. Na dube ta, ta dube ni. Na yi istigfari kamar ni zan yi laifi, na rufe ido, na buga uku. Ina jiran in ji shiru irin na ɓacin rai, sai na ji Auta ya ce madalla. Kafin magariba na ware sosai, har wata da ɗan ƙarfen awon ya ce ta wuce na so a cire don ba ta yi mini kyan gani ba. Maigida ya gaya wa Auta cewa ya cuce shi, yanzu wannan buga ukun gida zai biyo shi.

Sauran kwanakin yawo muka yi. Mun shiga jirgin ƙasan cikin gari wanda ba shi da direba, na zauna a ɓangaren iyali ina ta neman wanda zan yi wa addu'ar Allah ya tsare hannu. Mun je kasuwar Bataha, inda za ka ji Hausa da Urdu da Larabci a shago ɗaya. Na sayi dabino da turaren wuta da darduma mai laushi ta Inna. Mai shagon ya miƙo mini wata abaya mai zare a zazzare, ya ce ta yi mini kyau. Na ce masa ba ta yi ba. Maigida ya juyo ya dube ni kamar an canza masa mata.

A jirgin dawowa kujerata na kusa da fiffike. Na ga layukan ƙusoshin a lafe, dubbai, na yi ta tunanin bayin Allah da suka kwanta a ciki suka dafe musu gindi, ba wanda ya san sunansu. Na yi musu addu'a, na roƙi Allah ya sa ba masu kara ba ne irina.

Daga filin jirgi gidan Inna muka wuce. Ko ruwa ba ta bari na sha ba. A da, na san abin da zan yi: in ce mata jirgin ba zai kammalu nan kusa ba, in ce wa Auta Inna na tunani, kowa ya kwana da daɗi. Amma na zauna na gaya mata komai, har da kwanon da bai kai murfin tukunya ba, har da ɓarnar da na yi. Na ce ban san tashi ba, kuma rai a hannun Allah yake, a sama ko a kan gado. Abin da na gani da idona shi ne mutanen nan ba sa rufe aibi ko a inda ba mai dubawa, kuma ɗanta da kansa yake tona nasa. Na ce in ta tambaye ni, ya hau.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, ni da na kai wannan shekarun ina ɗaukar daɗin baki a matsayin tausayi. Wanda ya dogara da idonka, gaskiya ce haƙƙinsa a kanka, ko da za ta ɓata masa yini.

Inna ta ci gaba da jan carbinta. Can ta tambaye ni wane ɓangare na jirgin ne na sa wa hannu. Na ce wutsiya. Sai ta miƙo mini wayarta.

"Kira mini shi. Na yarda, Allah ya tsare. Amma ki gaya masa ya zauna a gaba."